Zaftarewar Tsibi: Halayyar Busassun Ƙwayoyi Daga Masussuka Zuwa Ramin Yashi a Yankin Falgore

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dalilin da ke sa tsibin hatsi ko na yashi ya tsaya a kan wani gangare sananne, sannan ya zaftare farat ɗaya idan aka ƙetare wannan gangaren. An ɗauko misalai daga sana'o'in mutanen yankin Falgore, wato ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, aka gwama su da abin da masana kimiyyar fiziks suka gano daga 1776 zuwa 1999. Haka kuma an gabatar da wasu kalmomin Hausa da za su iya ɗaukar ma'anonin fannin. Maƙalar ta nuna cewa ƙa'idar da ke tsayar da tsororuwar tiya a hannun mai awo ita ce ke rufta bangon rami a kan mai haƙar yashi da zarar hunturu ya busar da shi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka da kaka ya ga yadda ake zuba tsabar dawa ko masara a wuri guda har ta yi tsibi. Ana zubawa tsibin na tashi, sai can gefe guda ya goce, ƙwayoyi su gangaro shaa, su tsaya, tsibin ya koma tashi. Abin ya zama jiki har ba a tambayar dalilinsa. Amma a cikinsa akwai tambayar da ta daɗe tana wahalar da masana: shin hatsi daskararren abu ne ko kuwa mai gudana ne? Idan an zuba shi daga ƙwarya yana kwarara kamar ruwa. Idan ya sauka ƙasa kuma sai ya tsaya da tudu, abin da ruwa ba ya iya yi. Mutum na iya taka shi ya ɗauke shi, kuma yana iya nutsewa a cikinsa ya halaka.

Yankin Falgore wuri ne da ya dace da wannan nazari. Ƙasa ce ta noman masara da shinkafa da dawa, Tudun Wada kuma ta yi suna wajen cinikin shinkafa. Kogin Kano ya ratsa dajin Falgore ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma da rani ana ɗibar yashi a gaɓar koguna da rafukan yankin. A Riruwai ta Doguwa an daɗe ana haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa, aikin da ke barin tulin tsakuwa da ƙasa a bakin ramuka. Hatsi da yashi da tsakuwa duk dangi ɗaya ne a idon masanin fiziks. Ya kamata a faɗa tun daga farko cewa maƙalar ta taƙaita ne ga busassun ƙwayoyi. Ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988, alal misali, aikin ruwa ne, kuma bayaninta daban yake.

2.0 Kalmomin Fannu

Kalmar da harsunan Turai ke amfani da ita ga wannan al'amari ta samo asali ne daga zubowar dusar ƙanƙara a kan duwatsu, daga baya masana suka faɗaɗa ta ta haɗa da yashi da hatsi. Bahaushe bai san dusar ƙanƙara a ƙasarsa ba, amma yana da aikatau da dama da suka rarrabe matakan abin da kyau. Gocewa ita ce barin ƙwaya mazauninta. Gangarowa ita ce tafiyarta zuwa ƙasa. Kwaranya tafiya ce mai ɗorewa ta ƙwayoyi masu yawa, kamar yadda hatsi ke fita daga bakin buhu. Zaftarewa ita ce ɓallewar wani sashe na tsibi ko gaɓa a lokaci guda. Ruftawa kuwa ita ce faɗowar bango ko rufin rami zuwa ciki. A wannan maƙala an zaɓi zaftarewa a matsayin kalmar fannu, domin ita ce ta ƙunshi ma'anar farawa kwatsam da tsayawa bayan ɗan lokaci.

Da busassun ƙwayoyi ana nufin tarin ƙananan abubuwa masu tauri waɗanda ba su manne da juna ba, kuma girmansu ya kai yadda nauyinsu ne kaɗai ke zaunar da su. Gero da shinkafa da wake da yashi da tsakuwa duk sun shiga ciki. Garin tuwo mai laushi bai shiga sosai ba, saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai har sukan manne da juna, shi ya sa yakan dunƙule a cikin kwano.

3.0 Kusurwar Kwanciya da Kusurwar Gocewa

Idan aka ɗora dutse a kan allo aka riƙa ɗaga gefe ɗaya, dutsen ba zai motsa ba sai karkatar ta kai wani matsayi. Nauyinsa na jan sa ƙasa, gogayyar da ke tsakaninsa da allon na riƙe shi, kuma yana sulɓewa ne a daidai lokacin da jan ya rinjayi riƙon. Injiniyan sojan Faransa, Charles Coulomb, shi ne ya ɗora wannan tunani a kan ƙasa da yashi a wani aiki da aka buga a 1776. A ganinsa, kowane sashe na saman tsibi kamar dutsen nan ne a kan allo, allon kuwa shi ne sauran ƙwayoyin da ke ƙarƙashi.

Sakamakon haka, kowane irin ƙwaya yana da gangaren da tsibinsa ke kwanciya a kai, wanda za a kira kusurwar kwanciya. Ga busasshen yashi kusurwar tana wajen digiri 34, wato a duk taku uku na shimfiɗa akwai hawan taku biyu. Tsibin yashi mai faɗin mita uku a gindi ba zai wuce kimanin mita ɗaya a tsayi ba. Tsabar hatsi mai santsi takan kwanta ƙasa da haka, yawanci tsakanin digiri 20 da 30, shanshera kuma, saboda kaushin ɓawonta, takan fi gyararriyar shinkafa tsayuwa. Abin lura shi ne girman tsibi ba ya sauya kusurwar. Ɗan tsibin da yaro ya tara da tafin hannu da wanda tifa ta juye siffarsu ɗaya.

Sai dai kusurwar ba ɗaya ba ce, biyu ce. Tsibi na iya haurawa sama da kusurwar kwanciya da digiri biyu ko uku bai motsa ba, har ya kai matsayin da za a kira kusurwar gocewa. A nan ne yake zaftarewa, kuma ba ya tsayawa sai ya dawo kusurwar kwanciya. Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila da ya yi shekaru yana ratsa hamadar Libiya kuma ya wallafa littafi a kan tafiyar rairayi a 1941, ya bayyana wannan a jikin tuddan hamada: iska na tara rairayi a ƙoƙuwar tudu har gangaren bayansa ya kai iyaka, sai ya zubo. Haka tuddan Yusufari a Jihar Yobe da na Tenere a Nijar ke matsawa sannu a hankali suna cinye gonaki da hanyoyi.

Dalilin tazarar da ke tsakanin kusurwoyin biyu a fili yake. Ƙwayar da ke zaune tana cikin ɗan gurbi tsakanin 'yan'uwanta, kuma kafin ta motsa sai ta haura gefen gurbin. Wadda ta riga ta taso kuwa tana da gudun da zai tsallakar da ita gurabe da yawa, tana kuma bugun wasu tana tayar da su. Tayar da ƙwaya ya fi ci gaba da tafiyar da ita wuya. Tsakanin kusurwoyin nan biyu tsibi yana cikin wani hali na rashin tabbas: a ido yana tsaye lafiya, amma taɓawa kaɗan ta isa ta zubo da shi.

3.1 Tsororuwar Tiya

Masu awo a kasuwannin hatsi suna aiki da wannan ƙa'ida kullum. Ana cika tiya ne har ta yi tsororuwa, kuma tsayin tsororuwar ba a hannun mai awo yake ba, yana ga faɗin bakin tiyar da kusurwar hatsin. A ɗauka bakin ma'auni ya kai santimita 20. Hatsin da ke tsayawa a digiri 30 zai yi tsororuwa mai tsayin kusan santimita 6, wadda ta ƙunshi kimanin kashi shida cikin goma na lita. Wanda ke tsayawa a digiri 25 tsororuwarsa ba za ta kai santimita 5 ba, abin da ke cikinta kuma bai cika rabin lita ba. Ke nan ma'auni ɗaya na ba da awo mabambanta gwargwadon irin hatsi da bushewarsa. Mai awon da ya zuba a hankali yana iya kai tsororuwar kusa da kusurwar gocewa, wanda ya ɗan girgiza hannu kuwa ya mayar da ita kusurwar kwanciya ko ƙasa da ita. Tare gefen tiya da tafin hannu da ake yi wa mai saye a matsayin kyautatawa, faɗaɗa gindin tsibin ne domin ya ƙara tsayi.

3.2 Ramin Kurkuɗu

Kurkuɗu, ƙwaron nan da yara ke tonowa a cikin rairayi a gindin katanga, yana farauta da wannan ilimi. Yakan haƙa rami mai siffar mazurari ya ɓuya a ƙasansa, gangaren ramin kuma yana dab da iyakar da rairayi zai iya tsayawa. Da tururuwa ta taka gefen, sai rairayin ya goce da ita. Idan ta yi ƙoƙarin hawa, kurkuɗun ya riƙa watso rairayi daga ƙasa, gefen ramin ya ci gaba da zubowa har ta iso bakinsa.

4.0 Yadda Zaftarewa ke Gudana

Ba dukkan tsibi ke motsi ba idan ya zaftare. Wani siririn sashe ne na sama, mai kaurin ƙwayoyi kamar goma, ke kwaranya, na ƙarƙashi kuwa kusan a tsaye suke. Kafin sashen ya motsa dole ƙwayoyinsa su ɗan buɗa, domin ƙwayoyin da suka cushe ba sa iya wuce juna sai sun hau kan juna. Osborne Reynolds na Manchesta ya bayyana wannan a 1885. Ana ganin alamarsa a gaɓar kogi: idan aka taka jiƙaƙƙen yashi, kewayen sawun yakan yi fari kamar ya bushe, saboda takun ya buɗa ƙwayoyin, ruwan da ke sama ya shige cikin sababbin guraben. Wannan ne kuma ya sa hatsin da aka girgiza a buhu ya zauna daram yake wuyar soka hannu.

A 1999 masana biyu a Faris, Adrian Daerr da Stéphane Douady, sun shimfiɗa ƙananan duwatsun gilashi a kan karkataccen allo da aka lulluɓe da ƙyalle mai gashi, suka riƙa taɓa wuri guda da tsinke. Sun ga zaftarewa iri biyu. A wani yanayi abin yakan fara daga inda aka taɓa ya gangara yana faɗaɗa kamar alwatika, abin da ke sama bai motsa ba. Idan kuwa shimfiɗar ta fi kusa da iyakarta, ɓallewar takan haura sama, domin kowace ƙwaya da ta tafi ta janye wa ta bayanta madogara. Iri na biyun shi ne wanda mai ɗibar masara daga gindin tsibi ke gani: ya ɗebi kwano ɗaya a ƙasa, motsi ya kai har ƙoƙuwa.

Zaftarewa tana kuma rarrabe ƙwayoyi. Ƙanana na faɗawa cikin guraben da suka buɗe su maƙale a sama da tsakiyar tsibi, manya na mirginawa har gindi. Hernán Makse da abokan aikinsa sun nuna a 1997 cewa idan manyan sun fi ƙananan kaushi, tsibin yakan jera kansa hawa-hawa, sashen manya a kan sashen ƙanana. Matan da ke bakace da faifai ko rairaye tsaba a ƙwarya suna amfani da irin wannan rarrabewa da gangan. Ɗan kasuwar da ya ɗebi samfuri daga gindin tsibi kaɗai kuwa zai ga manyan ƙwayoyi, tsaki da ƙura suna can ciki.

5.0 Ƙwaya Ɗaya da Girman Zaftarewa

Tambayar da ta fi jan hankalin masana ita ce: idan aka ƙara ƙwaya ɗaya a kan tsibin da ya kai iyaka, wace irin zaftarewa za ta biyo baya? A 1987 Per Bak da Chao Tang da Kurt Wiesenfeld, a Amurka, sun gina tsibi na lissafi a kwamfuta. Suka ga tsibin na kai kansa wani matsayi inda ƙwaya ɗaya ke iya motsa biyu, ko ɗari, ko gefe guda gaba ɗaya. Ƙananan zaftarewa sun fi yawa, manya ba su cika faruwa ba, kuma babu wani girma da za a ce shi ne na al'ada. Tunanin ya yi tasiri ƙwarai, har aka riƙa auna girgizar ƙasa da gobarar daji da shi.

Da aka gwada da ƙwayoyi na zahiri sai labari ya sauya. Heinrich Jaeger da Chu-heng Liu da Sidney Nagel na Jami'ar Shikago sun nuna a 1989 cewa tsibin gaske yakan yi shiru yana tashi har kusurwar gocewa, sannan ya yi babbar zaftarewa, ya sake yin shiru. Tazarar kusurwoyin nan biyu da gudun ƙwayoyi, waɗanda lissafin kwamfutar bai kula da su ba, su ne suka kawo bambancin.

Shinkafa ce ta sasanta tsakani. A 1996 Vidar Frette da abokan aikinsa a Jami'ar Oslo sun riƙa zuba shinkafa kaɗan-kaɗan tsakanin gilasai biyu. Doguwar shinkafa ta ba da zaftarewa mai girma iri-iri kamar yadda Bak ya yi hasashe, gajeriya mai kama da ƙwallo kuwa ba ta yi haka ba. Dogayen ƙwayoyi suna sarƙe juna suna jan ciki, gudunsu na mutuwa da wuri, masu zagaye kuma mirginawa suke yi. Bisa wannan ana iya tsammanin tsibin gero da na doguwar shinkafar da ake sayarwa a Tudun Wada ba za su zube iri ɗaya ba, kuma gwaji ne da ɗalibi zai iya yi da gilasai biyu da ma'auni. Darasin da ya tabbata a duk gwaje-gwajen shi ne ƙanƙantar abin da ya tayar da zaftarewa ba ta nuna girman abin da zai zubo.

6.0 Hatsi a Cikin Rumbu

Ruwa a cikin randa yana ƙara danna ƙasanta gwargwadon zurfinsa. Hatsi ba haka yake ba. Injiniyan Jamus H. A. Janssen ya auna a 1895 ya ga cewa idan zurfin hatsi ya wuce faɗin ma'ajinsa da ɗan ninki, ƙarin da aka zuba ba ya ƙara wa ƙasan nauyi sosai. Ƙwayoyin na miƙa wa juna nauyin a jere har ya isa bango, gogayya ta rataye shi a can. Saboda haka rumbun ƙasa da aka cika da tsaba bangonsa na ɗauke da kaso mai yawa na kayan, kuma tsagewar bango alama ce da ba a rainawa. Rumbun da aka jera dammuna a ciki hukuncinsa daban ne, tunda zangarniya a ɗaure ba ta kwaranya.

Wannan ne ya sa hatsi ke fita ta rami da gudu ɗaya, ko ma'ajin na cike ko ya kusa ƙarewa. Faɗin ramin ne ke hukunci. Beverloo da abokan aikinsa a Holan sun nuna a 1961 cewa ninka faɗin rami sau biyu na ƙara kwaranya kusan sau shida. Idan kuma ramin bai wuce faɗin ƙwayoyi kamar biyar ba, sukan yi baka a kansa su toshe shi, shi ya sa mai injin niƙa ke bubbuga mazurari idan hatsi ya tsaya.

A manyan rumbunan ƙarfe wannan hali na kisa. Hatsin da ya sha danshi yakan yi ɓawo a sama alhali an zuƙe na ƙarƙashi, mutum ya taka ya rufta. Idan kuma ana fitar da hatsi ta ƙasa, wanda ke tsaye a kai yakan nutse cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma da ya kai masa gwiwa zuwa ƙugu ba ya iya fid da kansa. A Amurka, inda irin waɗannan rumbuna suka yawaita, ana rasa rayuka ta haka kowace shekara. Yayin da ake ƙara gina su a ƙasar Hausa, wajibi ne wannan sani ya riga haɗarin isowa.

7.0 Danshi, Hunturu da Ramin Yashi

Ruwa kaɗan na sauya komai. Yakan yi 'yan ƙananan gadoji tsakanin ƙwayoyi ya ɗaure su, shi ya sa yara ke gina ɗaki da damshin yashi a kan ƙafarsu, kuma shi ya sa mai haƙa a gaɓar rafi bayan ɗaukewar damina ke iya yanka bango a tsaye kyam. Bangon na tsaye ne da aron ƙarfin ruwa. Hunturu, wanda ke busawa daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, yana janye danshin daga fuskar bangon zuwa ciki, kuma da ya ƙare yashin zai nemi kusurwarsa ta digiri 34.

Lissafin abin da zai zubo mai sauƙi ne. Bango mai tsayin mita biyu idan ya kwanta, bakinsa na sama zai ja baya da kimanin mita ɗaya da rabi, gindinsa ya shigo cikin ramin da kwatankwacin haka. Mita ɗaya na yashi tsawo da faɗi da zurfi ya kai nauyin tan ɗaya da rabi, wato buhu 15 masu kilo 100. A kowace mita ta tsawon bangon, abin da zai faɗo ya haura tan ɗaya. Wanda yashi ya rufe wa ƙirji, ko da kansa na waje, duk numfashin da ya fitar yashin na matsowa ya cike gurbin, har ya kasa shaƙa. Haka abin yake ga tulin tsakuwar da ke bakin ramukan ma'adinai idan ana ɗiba daga gindinsa.

Maganin ya fito daga ƙa'idar kanta. A kwantar da gefen rami tun ana haƙa, taku ɗaya da rabi na shimfiɗa ga kowane taku ɗaya na zurfi, wanda shi ne ma'aunin da dokar kare ma'aikata ta Amurka ta gindaya wa ƙasa mai yashi. Kada a rarake gindin gaɓa a bar samanta a rataye. Kada a tara abin da aka haƙo ko a tsayar da mota a bakin rami, domin nauyi da jijjiga duk suna tayar da zaftarewa. Bangon da ya tsaya jiya kuma ba hujja ba ne a kan yau, tunda jiya ya fi yau danshi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi halayyar busassun ƙwayoyi daga kusurwoyi biyu da ke iyakance tsayuwar tsibi, zuwa yadda zaftarewa ke tafiya da rarrabe ƙwayoyi, zuwa nauyin hatsi a rumbu da tasirin danshi a ramin yashi. An ga cewa mai awo da mai bakace da mai injin niƙa sun riƙe wannan ilimi a aikace, harshen Hausa kuma yana da kalmomin da suka rarrabe matakansa. Aikin da ya rage wa masana harshe shi ne tattara kalmomin masu waɗannan sana'o'i a kasuwanni da masussukai da wuraren haƙa na kudancin Kano, a daidaita su, a shigar da su littattafan kimiyya na makarantu da shirye-shiryen rediyo. Mai haƙar yashi zai fi saurin kiyaye gargaɗin da aka yi masa da kalmar da shi kansa yake amfani da ita a bakin rami.